Ƙawata Ta Mayar Da Kakana Mai Kisan Kai A Littafinta

Assalamu alaikum admin da 'yan gida baki ɗaya. A ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, domin zuciyata ta riga ta yanke hukunci, hannuna ne kawai bai zartar ba, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda ba su san ni ba kafin in yi abin da ba ya gyaruwa.

Ni 'yar Bauchi ce, gidanmu na gado yana Ƙofar Ran, ina da shagon ɗinki a Gwallaga. Ina da ƙawa tun firamare, zan kira ta Hauwa duk da ba sunanta ba ne. Irin ƙawancen nan ne da har iyaye suka shiga ciki, lokacin da mahaifiyata ta rasu ina sakandare a ɗakin Ummanta na yi kukana, ita ta riƙa yi mini kitso, ita ta koya mini girki. Hauwa kuma a gidanmu take wuni, gindin kakata Iya, saboda tun tana yarinya ba abin da take so kamar labarin da. Mu muna gajiya mu tashi, ita tana nan tana tambaya, Iya kuma daɗi take ji ta samu mai saurare.

Akwai labari ɗaya da Iya ba ta ba kowa sai na gida. Kakana, mijinta, dillalin shanu ne a zamanin Turawa, Fulani kan sauka a zaurensa in sun kawo dabbobi. Wata rana wani baƙonsa ya sayar da shanu, aka wayi gari babu shi, sai sandarsa da malfarsa a zaure. Danginsa suka zo suka ce kakana ya kashe shi, aka kama shi aka tsare, aka yashe rijiyar gidan ba a ga komai ba, daga baya alƙali ya sake shi tunda babu shaida. Amma mutane ba su sake shi ba, baƙi suka daina sauka, sana'arsa ta mutu, in ya shiga masallaci ana matsawa. Sai bayan shekaru mutumin ya dawo da ƙafarsa, ashe Makka ya tafi a ƙasa bai gaya wa kowa ba don ya san ba za a bar shi ya sayar da shanun gida ba. Ya zo har zaure ya durƙusa ya nemi gafara, kakana ya yafe masa, bai daɗe ba kakan nawa ya rasu. Iya takan ce gara da Allah ya bar shi ya ga ranar da aka wanke sunansa. Kakan nawa yana da cindo a hannun hagu, wato ɗan yatsa na shida, kuma Babana ya gado shi.

Bara Hauwa ta fara rubuta littafi na matasa, tana sakin babi babi a gurup ɗin masu karatu. Ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda suka karanta za su gane. Labarin wata yarinya ce da ƙanenta a tsohuwar Bauchi, suna binciken ɓatan wani Bafulatani da ya sauka a unguwarsu. Gaskiya ta iya rubutu, ba zan rage mata wannan ba, za ka ji kamar kana tafiya cikin lungunan da ƙafarka. Ni ce kan gaba wajen yi mata talla, duk wadda ta kawo mini ɗinki sai na sa ta shiga gurup ɗin, kuma da yake idon Iya ya yi rauni, duk babin da ya fito sai in zauna bayan la'asar in karanta mata. Tana dariya tana gyara, tana cewa a'a, ba haka ake ɗaura zani a lokacin ba, ku gaya wa Hauwa.

Da tafiya ta yi nisa sai na fara jin wani iri. Maigidan da baƙon ya sauka wurinsa dillalin shanu ne, zaurensa ƙofa biyu kamar namu, rijiya gindin dabino kamar tamu, kuma yaran labarin suna kiransa Mai Cindo. Na kira ta na ce Hauwa wannan ai kakana ne, ta yi dariya ta ce in kwantar da hankalina, ƙarshen zai burge ni. Na ɗauka wanke shi za ta yi a idon duniya, har na gaya wa Iya haka, Iya ta sa mata albarka. Ranar da babin ƙarshe ya fito ban tsaya na duba ni kaɗai ba, don na amince da ita, na zauna na fara karantawa da ƙarfi. Sai da na kai tsakiya na gane inda aka dosa, Mai Cindo ne ya shaƙe baƙon yana barci ya jefa shi rijiya, yaran suka gano shi ta shatin yatsu shida a wuyan rigar mamacin. Na dakatar da karatun, Iya ta ce in ci gaba. Na ce wayar ce ta ɗauke, ta ce ƙarya nake yi, in ƙarasa mata. Da na gama sai ta ce, “Shekara da shekaru ina wanke shi da bakina, yau an sake ɗaure shi, kuma da bakin nawa aka samo igiyar.” Tun ranar ban sake jin ta ba da wani labari ba, ko jikokinta sun roƙa sai ta ce ta manta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu karatu. Gurup ya kama da wuta, kowa yana yabo, wannan ta ce ba ta yi barci ba, wancan ya ce tun babi na uku ya zargi tsohon munafukin. Wata ta rubuta cewa duk mai cindo ta daina yarda da shi, aka bi ta da dariya. Wani ya ce Allah ya tsine wa Mai Cindo da zuri'arsa, mutane suka yi ta amin, ina riƙe da waya ina kallon ana tsine mini. Har sitika aka yi ta hannu mai yatsa shida ana turawa in ana so a ce wa mutum maci amana. Na daure, na ce ai ba su san da mutum na gaske ba ne. Sai wata yarinya, 'yar unguwarmu ce ma, ta rubuta cewa ita fa ta san gidan nan, yana nan Ƙofar Ran, kakarta ta taɓa ba ta labarin, ta tambayi marubuciya ko da gaske ne abin ya faru. Nan ne Hauwa za ta kashe maganar da kalma ɗaya. Abin da ta rubuta shi ne, marubuci ba ya tona majiyarsa, ta sa alamar dariya da ta kashe ido.

Daga nan abin ya fito daga waya ya shigo gida. 'Yan mata suka fara zuwa suna ɗaukar hoto a ƙofar zaurenmu, wasu har sallama suke yi wai a nuna musu rijiyar, rijiyar da aka rufe tun ban yi wayo ba. Babana hatsi yake sayarwa a kasuwar Muda Lawal, mutum ne mai wasa da kowa, sai ga samari masu dako suna ce masa Mai Cindo, wani ma ya tambaye shi cikin raha ko akwai masauki a zaure. Shi bai karanta littafin ba, sai da maƙwabcin rumfarsa ya ba shi labari. Bai yi faɗa ba, amma na lura yanzu in zai auna hatsi da dama kaɗai yake yi, hagun yana cikin aljihu. Mutumin da a da yake tsorata yara da yatsan nan yana dariya. Wallahi ranar da na ga haka na koma shago na kasa zura zare a allura.

Na je na same ta a gidansu. Ban zage ta ba da farko, na ce ta fito ta gaya wa mutane gaskiya, cewa mutumin da ta ɗauko an zalunce shi ne, baƙon ya dawo da ransa. Ta ce ai ƙirƙira ce, ba ta kira sunan kowa ba, kuma in baƙo ya dawo da ransa ina labari yake, masu karatu mai laifi suke so a kama. Na ce to me ya sa ba ta cire cindon ba, me ya sa ba ta sauya gidan ba, ta ce cindon shi ne ƙashin bayan labarin, in an cire shi komai ya rushe. Na ce amanar Iya fa, ta ce Iya ba ta taɓa cewa sirri ba ne. Da na ɗaga murya sai ta ce na cika ɗaukar abu da zafi, nan da wata biyu kowa ya manta, kuma in duba zuciyata ko dai ɗaukakar da Allah ya ba ta ce take damuna. Wannan kalmar ce ta raba mu. Na ɗauki mayafina na fito, ba mu sake magana ba, kuma har yau ba ta taka ta gaida Iya ba. Yanzu an buga littafin a takarda, za a ƙaddamar da shi bayan Sallah, na kuma ji wata makarantar kuɗi ta saye shi don ɗalibanta. Wato yaran da ba a haifa ba ma za su tashi su san kakana a matsayin mai kisa.

To ga inda nake neman shawara. Ni ma ina riƙe da labarin gidansu. Yayanta namiji da suke cewa yana aiki a ƙasar waje, ba ya wata ƙasar waje, yana gidan yari a kudu, an kama shi da ƙwayoyi. Ina ɗakin ranar da labarin ya zo, ni na riƙe Umma da ta yanke jiki ta faɗi, kuma ban taɓa gaya wa ko Babana ba. Hauwa an sa mata rana, gidan da za ta shiga mutane ne masu bin asali da tsanani, ba su san komai ba. Na zauna na rubuta gajeren labari, ban iya rubutu kamar ita ba amma na iya abin da ta koya mini. Ban kira suna ba. Na dai sa kalar ƙofar gidansu, na sa uwa mai sayar da turaren wuta, na sa ƙanwa marubuciya da ake shirin aurenta, na sa tabon da ke goshin yayan. Niyyata in sake shi a gurup ɗin nan nata da safiyar ƙaddamarwa, in wani ya tambaya ko da gaske ne in ba shi amsar da ta bayar, da alamar dariyar da komai. Ina so ta zauna a kan kujerar girmamawa wayarta tana ƙara, ta ji yadda ake ji in baƙi suna wasa da sunan gidanku. Ba zan ɓoye muku ba, in na tuna fuskar da za ta yi har sanyi nake ji a raina.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Shekaranjiya Umma ta zo shagona da kanta a keke napep, da atamfar ankon bikin Hauwa a leda. Ita ba ta karatun boko, ba ta san me ke cikin littafin ba, abin da ta sani kawai mun yi saɓani. Ta ajiye atamfar a kan keken ɗinkina ta ce, “Ke ce babbar ƙawa, ko kun yi faɗa ko ba ku yi ba. Ni ban haifi wadda ta fi ki ba.” Ta ce in ɗinka nawa in ɗinka nata ita Umman, ta tambayi jikin Iya, ta tafi. Na san in na saki labarin nan Hauwa za ta ji kunya, wataƙila auren ya lalace, amma wadda za ta kwanta ciwo Umma ce, mai hawan jini. Sai kuma wata zuciyar ta ce mini, ita Hauwa da za ta rubuta nata ta tuna da Iya? Tsohuwar wa ta fi ta wani?

Don Allah kada ku ce mini in bar wa Allah kawai ku wuce, na san da Allah, kuma kakana ya bar wa Allah sau ɗaya ya mutu da talauci. Ku gaya mini abin da zan yi da hannuna. In saki labarin ta ɗanɗana abin da ta ɗanɗana mana? Ko in je wurin ƙaddamarwar in karɓi makirufo lokacin tambayoyi in faɗi gaskiyar abin da ya faru da kakana a gaban baƙinta, in bar maganar yayanta? Ko in zaunar da Umma in karanta mata babin ƙarshe kamar yadda na karanta wa Iya, in bar ta da 'yarta? Masu rubutu da ke cikin gidan nan ku ma ina so ku amsa mini, haka ake yi, a ci abincin gidan mutum a fita da mamacinsa a sayar? Sallah ta matso, atamfar tana nan ban sa mata almakashi ba, labarin kuma yana cikin wayata. Wanne zan fara taɓawa?