Na'urar Ajin Kurame da Aka Kulle a Sito

Daga: Malamar Kimiyya,
Ajin Kurame na Uku,
Makarantar Yara Masu Buƙata ta Musamman.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Sashen Kula da Kayan Makarantu.

Ta hannun: Shugabar Makaranta.

Litinin, 9 ga Mayu, 2011.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘWACE NA'URAR DVD TA AJINA DA TAKARDAR TUHUMAR DA AKA BA NI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan takarda ne bisa tilas. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Sau uku na je ofishinku da ƙafata, sau uku ana zaunar da ni a benci har a tashi aiki. Don haka nake roƙon a yi haƙuri a karanta abin da ya faru, daki-daki.

1. Kamar yadda ofishinku ya sani, makarantarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ranar 14 ga Fabrairu wata ƙungiya ta ƙasar waje ta aiko mana da faifai takwas masu nuna gwaji a hankali, ga hannu ga kwalba a fili, ga rubutu manya-manya a ƙasa. Yaron da ba ya ji, da ido yake karatu. Ɗalibaina goma sha huɗu ne, za su zauna jarrabawa ranar 30 ga Mayu, kuma duk wanda ya faɗi kimiyya ba zai wuce babbar sakandare ba. Iyayen da yawansu sun riga sun faɗa mini cewa idan yaro ya faɗi, zaman gida zai yi.

2. A bayan kowane faifai akwai ɗan hoton duniya da lamba a tsakiya. Lambar yanki ce, kuma na'ura ba ta karɓar faifan da ba na yankinta ba. Namu lamba ɗaya ne. Kwamfutar ajina tana yarda a canja mata yanki, amma sau biyar kawai, daga nan sai ta kulle a kan na ƙarshe har abada. Ban san da haka ba sai da aikin gama ya gama. Ni na canja sau biyu, ban ɓoye ba.

3. Sauran ukun, ma'ajin sitonmu ne, wanda kowa ke kira Baba Makulli. Duk Juma'a nake miƙa masa kwamfutar don ya adana, ashe gida yake tafiya da ita yana kallon faifan kokawa. Ranar 4 ga Afrilu na kunna ta a gaban yara, ta tofar da faifanmu. Da na tambaye shi, sai ya ce akwatin ne ya yi masa tambaya da Turanci, shi kuma ya danna inda aka ce a danna, in kuwa laifi ne to na wanda ya ƙera shi ne. Ko a jikinsa. A yau kwamfutar hukuma ba abin da take iya nunawa sai ƙarti biyu suna jifar juna da kujera.

4. A cikin siton nan akwai wata tsohuwar na'urar DVD da ta shekara huɗu a kwali, an ɗora mata buhun alli. Da izinin Shugabar Makaranta na ɗauko ta, na kakkaɓe kashin ɓera, ita ma ta ƙi faifan. Ƙanena mai gyaran rediyo ne ya gaya mini dabarar ta waya: a buɗe bakin na'urar, a danna lambobi huɗu a rimot, a rufe. Iyakar abin da na yi ke nan, ta kuwa karɓi faifan. Ban kwance ƙusa ko ɗaya ba, ban taɓa wata waya a cikinta ba. Mako biyu muka yi muna kallo, mun gama faifai uku. Yarinyar da ta fi kowa taurin kai a ajin ita ce ta riƙa ja mini mayafi wai a maimaita wurin da tururi ke komawa ruwa.

5. Ranar Alhamis, 21 ga Afrilu, jami'in bincikenku ya shigo ana tsakiyar darasi, ba sallama, ba ko ɗaga wa yara hannu. Ya juya na'urar, ya karanta takardar da ke manne a bayanta, ya duba bayan faifan, ya ce lambobin ba su zo ɗaya ba, don haka bai kamata ta yi aiki ba. Na ce masa ga ta kuwa tana yi. Ya ce ai laifin ke nan. Na ce ya ba ni minti ɗaya in mayar da ita yadda take, ya ce yin haka ɓata shaida ne. Ya zare wayar daga bango hoto na kan tafiya, ya naɗe na'urar da tef, ya buga hatimi, ya miƙa wa Baba Makulli ajiya. Shi ɗin dai, ranka ya daɗe.

6. Kwamfutar kuwa, jami'in ya danna ta, ya ga fitila ta kama, ya rubuta cewa lafiyarta ƙalau. Wato wanda ya kashe kayan hukuma ƙiri-ƙiri ya fita fes, wadda ta tashi mataccen kaya ita ce mai laifi. Ranar 2 ga Mayu aka ba ni takardar tuhuma wai na canja wa kayan gwamnati hali ba da izini ba. Na karanta ta a tsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu ma a ɓace yake. Faifan nan ba na sata ba ne, kyauta aka ba mu da takarda, kuma hatimin ofishinku ne a kan takardar karɓa. Wanda ya karɓa bai duba lamba ba, wanda ya raba bai duba ba, sai ranar da yara suka fara ganewa ne aka samu mai ido.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon Mai Girma Darakta da ya ba da umarnin a cire hatimin a dawo mini da na'urar kafin Juma'a, 13 ga wata, domin saura faifai biyar, kwana kuma ashirin da ɗaya. Ina kuma roƙon a binciki yadda kwamfutar ajina ta riƙa kwana a gidan ma'aji. Batun tuhumata, a bar shi har bayan jarrabawa, zan zo da kaina in amsa duk abin da aka ga dama.

Idan kuwa hukuma ta ga ba za ta saki na'urar ba, ina roƙon a turo jami'in nan ya tsaya a gaban ajin ya yi musu bayani da kansa, zan fassara masa da hannu. Ni dai na gaji da yi musu alkawari. Da safiyar yau na ɗaga hannu zan sake ce musu su ƙara haƙuri, sai duk su goma sha huɗun suka juya fuska zuwa taga. Wataƙila Mai Girma Darakta bai san ma'anar haka ba. Yaran nan ba su da wata hanyar ƙin sauraron mutum sai wannan, kuma ba su taɓa yi mini ba sai yau.

Ina jiran amsa cikin biyayya da girmamawa. Allah ya ƙara wa Darakta lafiya.

Taku mai biyayya,

Malamar Kimiyya,
Ajin Kurame na Uku.