Inna, na buɗe hanyar da muryarki take

Assalamu alaiki, Inna. Gaisuwa ta girmamawa daga ɗiyarki Hadiza, daga gidanki na Dogonduci. Muna lafiya, gero ya yi kyau bana, kuma ina da labarin da ba zan iya haɗiyewa ba.

Kin tuna matar nan da ta zo da rakoda tana ɗaukar waƙoƙin daka, kika ce kina jin kunya, sannan kika hana kowa baki har la'asar? Ashe ta ajiye muryoyinku a wani shafi na intanet. Wata abokiyar aikina a lakwal, makarantar da nake aiki, ce ta ba ni adireshin. Na rugo gida, na buɗe ordinatar, kwamfutar nan tawa, shafin ya ce wai babu shi a duniya.

Aikin autanki ne, Sani. Kin san shi tun da ya tsayar da gemu. Shi ya sa akwatin wifi a gidan, kuma ya ɗaura masa matata mai tare duk shafin da ke da kiɗa ko waƙa, don yaransa. Ban ga laifinsa a kan yara ba, amma matatar ba ta san bambancin ki da 'yan rawa ba. Rezon salula kuwa, wato intanet ɗin waya, a unguwarmu sai an hau katanga ake samunsa, shi ma yana yankewa.

Abin da ya tada mini hankali shi ne Gwaggo Dije, yayarki. Ta zo daga Sukukutane ganin likitan ido, washegari za ta bi motar kasuwa ta koma. Ta tsufa sosai, Inna. Na san idan ta hau hanyar yashin nan ta garinsu ba ta ji ki ba, da wuya a sake samun wata rana.

Bari in bayyana miki yadda za ki gane. Duk shafin da mutum zai shiga, sai ordinatar ta tambayi wani mai nuna hanya inda shafin yake. Sunansa DNS. Wanda Sani ya ajiye a akwati, da ya ji an ambaci gidan waƙa sai ya ce bai san shi ba.

Na samo wani bayani cikin Faransanci na zauna ina karantawa, ina tsaki. Na shiga saitin nabigatar, manhajar da ake yawo a intanet da ita, na gangara wajen tsaro, na tarar da wurin da ake zaɓen mai nuna hanya na kanka, wanda ake tambaya a rufe. Nan take na tuna ku. Idan ke da Gwaggo za ku yi zancen manya sai ki ce: “Mu koma Hillanci, ɗiyag ga kunne gare ta.” Sai ku juya zuwa harshen Fulani don kada in gane. To, haka abin yake. Tambayar tana wucewa ta gaban akwatin, yana jin ana magana, bai san me ake cewa ba.

Da farko lambobi na zuba a wurin, ta ƙi karɓa. Ashe cikakken adireshi take so, mai farawa da https. Na rubuta shi a hankali, na danna. Ban taɓa akwatin Sani ba, yaransa na nan a tsare yadda ya bar su.

Inna, shafin ya buɗe. Sai ga ƙarar taɓarya, sai ga ki. Na yi guɗa ni kaɗai kamar an yi haihuwa! Gwaggo ta lallaba ta riƙe gefen ordinatar da hannu biyu tana amsa miki amshi, ba ta manta ko baiti ɗaya ba. Ƙaramar jikarki, takwararki, da ba ta taɓa ganin ki ba ta tambaya ko za ki fito.

Ana cikin haka Sani ya shigo daga shago. Na gyara zama, na shirya jin wa'azinsa, har na tanadi amsata. Daidai lokacin kika iso wurin da kike jera sunayenmu, kika ja nasa, kika kira shi auta mai kukan fura. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma kusa da Gwaggo, ya ce in mayar daga farko. Gemun nan ya jiƙe sharkaf.

Na yi kewarki, amma yau farin cikina ya fi kewar yawa. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya mana rai jiya.

Taki har abada,
Hadiza mai kunne