Yaya Isufu, Na Hana Sayar da Remok Ɗinka

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina rubuto maka ne wata bakwai bayan rasuwarka, kan wani abu da na kasa faɗa wa Hajara matarka.

Damina ba ta yi ba a garinmu Cake. Geron ya bushe tun bai fid da kai ba, rumbun gidanka kuma saura ƙasa-ƙasa. Hajara ta ce in nemi mai sayen 'yar remok ɗin nan taka, wadda kake ɗaurawa bayan motarka katkat in za ka shiga daji rigakafin dabbobi. Na wanke ta, na duba tayoyi. Tantin yana nan, da gadon ninkewa, da bido huɗu na ruwa, da farantin hasken rana. Na yi shela cewa mutum zai iya kwana goma a cikinta bai leƙa gari ba, rani ko damina. Yanzu wannan maganar tawa ce ke ba ni tsoro.

Na tuna ranar da ka shafa mata fenti ruwan ɗorawa, muna yi maka dariya. Ka ce: "Makiyayi ba ya karanta takarda, launi yake ganewa daga nesa."

Sau ɗaya na bi ka, arewacin Mayahi. Muka tsaya a fili, ba kowa, ba ko akuya. Kafin shayinmu ya tafasa, shanu suka fara fitowa daga bayan tudu, garke bayan garke. Dabbobin da ake ɓoye wa kowa, kai ake kawo wa.

Ran Talata wani mutum ya zo, cikin shiga mai tsabta, da magana a hankali. Ya ce shi ɗan kasuwa ne daga wajen Korgom, amma na tambayi mutanen can, ba wanda ya san shi. Bai taɓa tayoyin ba, bai buɗe tantin ba, bai yi ciniki ba. Sharaɗinsa ɗaya: kada a sake fentin. Sannan ya tambaye ni rugagen da ka saba sauka, da watan da kake zuwa kowacce.

Na ce masa an fasa sayarwa. Bai ji haushi ba. Ya yi murmushi ya ce ai fenti ruwan ɗorawa ana samunsa a kasuwar Tasawa, ya gaishe ni da mutanen gida, ya hau moto, babur ɗin da ya zo da shi, ya tafi.

Yaya, ba ni da shaida cewa ɓarayin shanu ne suka aiko shi don su yaudari makiyaya da launinka. Mai yiwuwa mutumin kirki ne na zarga. Na yi tunanin zuwa wajen jandarma, amma tun da sojoji suka karɓi mulki, wanda ya kai labarin daji shi ake fara tambaya ina ya samo shi. Bana kuma dabbobin da suka tsira daga fari duk sun taru a rijiyoyi ƙalilan. In ɓarayi suka kore su, gidajen makiyayan nan sun ƙare.

Jiya ranar kasuwa na sami Ardo Buba, abokinka, a wajen masu sayar da dusa. Na roƙe shi ya aika ruga-ruga cewa daga yau duk wanda ya hango remok ruwan ɗorawa ya kora dabbobinsa ya yi nisa. Ya share ido da bakin rawaninsa.

Shekaru ka yi kana koya musu fitowa, ni kuwa da yamma ɗaya na koya musu gudu. Ka yafe mini, ɗan'uwana. Hajara tana jira in kawo mata labarin ciniki, mutumin kuma ya san ƙofar gidanmu. Ko moto ce ta rage gudu a titi, sai in tashi in leƙa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya tsare garken da suka yarda da kai, Ya ciyar da 'ya'yanka ta hanyar da ban sani ba. In kuwa na zalunci baƙon nan, Allah Ya gafarta mini.

Ƙanenka da ke kewarka,
Laminu