Ƙofarmu Tana Jingine da Katangarku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sabuwar Makarantar Sakandare da aka gina a tsohon filin ƙwallon unguwarmu, tsakanin Nasarawa da Kudenda, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina yi maka barka da kammala wannan babban aiki. Sunana Hadiza, amma ko maigidana ya kusa manta shi, don Maman Safiya mai abinci kowa ke kirana. Ka yi haƙuri in ka ga rubutuna yana hawa yana gangarowa. Tun jiya murna ta hana ni zama wuri ɗaya, ga shi kuma a kan tarin bulo nake zaune, takardar tana bisa cinyata. Zan gaya maka bulon mene ne in mun iso wurin.

Kada ka ce ba ka san ni ba, Yallaɓai, domin ka taɓa cin abincina. Ranar da kuka zo duba aiki, lokacin ana rufin ajujuwa, kai ne mai farar hular da ya zagayo bayan makaranta. Ka tsaya a wani giɓi da magina suka bari a katanga, inda leburori ke miƙo kwano ina zuba musu shinkafa da wake. Ka ce a zuba maka kaɗan ka ɗanɗana. Sau biyu ka ɗanɗana, sannan ka tambayi wa ke daka yajin. Ni ce. Sati guda na yi ina ba da wannan labari, har mutanen layinmu suka fara sauya hanya in sun hango ni.

To a kan giɓin nan na rubuto, kuma ga bayanina.

Na farko, godiya. Wallahi makarantar nan ta yi kyau! Fenti shuɗi da fari, fanka a kowane aji, famfo yana zuba, har da ɗakin da aka ce yara za su riƙa gwaje-gwajen kimiyya a ciki. Ranar da aka gwada ƙararrawa ina cikin juya miya, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har na ƙona hannu. A filin nan yaranmu suka yi ƙwallo. A nan muke sallar Idi, a nan maƙwabtanmu Kirista ke kafa rumfa in ana biki ko zaman makoki. Da aka ce gwamnati na son filin don makaranta, babu wanda ya ɗaga murya. Liman da fasto tare suka je suka ce a ɗauka.

Na biyu, taswirar da kuka manna a allon sanarwa. Kun rubuta cewa guraben ɗalibai ba su da yawa, don haka za a fara ɗaukar yaran gidajen da tafiyarsu zuwa ƙofar makaranta ba ta wuce minti ashirin a ƙafa ba. Kun zagaye waɗannan gidaje da jan layi. Na je da maƙwabciyata Maman Grace, muna tafe muna rangaji kamar masu rakiyar amarya, muka sa yatsa muna neman layinmu. Muka duba ciki, babu. Muka duba gefen jan layin, babu. Can waje muka same shi, kusa da inda takardar ta ƙare.

Yallaɓai, daga murhuna zuwa katangar makarantar taku goma sha ɗaya ne. Na ƙirga da safe, na sake ƙirgawa da yamma ko katangar ta matsa. In malami ya yi atishawa a ajin ƙarshe, ni zan fara yi masa addu'a. Amma ƙofar shiga tana can ɗaya ɓangaren, tana kallon kwatas ɗin manyan ma'aikatan kamfanoni. Hagu da makarantar doguwar katangar kamfani ce, dama kuma kwarin da ruwan damina ya ci. Duk mai son ƙofar daga wurinmu sai ya fita layi, ya bi jikin katangar kamfani har babban titi, ya ratsa tsakanin tirelolin da ke jiran lodi, sannan ya juyo baya. Ni da Maman Grace mun taka da ƙafarmu, agogon wayarta na aiki. Minti arba'in da bakwai. Da muka iso muka tsaya a bakin ƙofar muna haki, sai ga hayaƙin murhuna ta saman ajujuwa. Maman Grace ta nuna shi ta ce, “Maman Safiya, see your kitchen! Duk wannan wahala, ashe gida muka dawo.” Muka yi ta dariya har mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya.

A hanyar komawa ne dariyar ta ƙare. Safiya ita ce 'yata ta fari, bana ta gama firamare, ita da Grace aji ɗaya. In ba ta samu gurbi a nan ba, sai tsohuwar makarantar da ke tsallaken babban titi, inda yara ke zama a ƙasa saboda cunkoso. Babanta ya riga ya faɗa, kuma ba ya magana biyu, cewa 'yarsa ba za ta riƙa tsallaka titin tirela safe da rana ba. Ka ga ke nan zaman gida, ta riƙa taya ni wanke kwanuka a gindin katangar makarantar da take jin ƙararrawarta.

Na uku, kuma a nan sai na rufe fuska da mayafi: ni na jawo. Eh, ni. Lokacin da za a fara gini, ta layinmu tifofin yashi suka so shiga, don nan ne kusa. To muna da wata kwalbati a bakin layi da muka yi da aikin gayya, maza na kwaɓa siminti, mata na jido ruwa, bayan shekarun da muka yi muna tuɓe takalmi kafin mu shiga gida in an yi ruwa. Tifa ta farko da ta hau, kwalbatin ta tsage. Washegari na tara matan layi, muka shimfiɗa tabarmi a kanta, muka kawo turmi da tsintar shinkafa muka zauna. Direba ya yi hon har ya gaji. Injiniya ya zo da kansa, na miƙe na ɗaure ɗamara na yi masa jawabin da har yau ake kwaikwayona a gidan biki. Na ce ga titin kwalta can ta wajen kwatas, su bi ta can, su bar mana kwalbatinmu. Bawan Allah ya ce, “Hajiya, an gama, no problem.” Muka yi masa tafi, aka ɗaga hannuna sama kamar na ci zaɓe.

Ashe inda tifa ta shiga, nan ake kafa ƙofa. Wa ya gaya mini? Ni a zatona hanyar yashi daban, hanyar yara daban. Muna nan muna alfahari da kwalbati, aka dasa ginshiƙai a can, aka rataya ƙaton get, aka rubuta sunan makaranta a samansa, mu kuma aka juya mana ƙeya. Kwalbatin tana nan lafiya lau, Yallaɓai, in kana son ganinta. Na ɗauki laifina. Amma ku ma da kuka zo auna tafiya, da kun tambayi ko mai sayar da ruwa, da ya gaya muku cewa gidajen da suka fi kowa kusa su ne kuka bari a waje. Kun auna daga ƙofa, ba ku leƙa bayan katanga ba, alhali kai da kanka ka tsaya a wurin da cokali a hannu.

Na huɗu, dubi waɗanda jan layinku ya kwasa. Kwatas ne kusan duka. Ba ni da faɗa da mutanen kwatas, wasunsu ma masu aikinsu na zuwa sayen abincina. Amma kowa ya san da yawa daga cikin yaransu a mota ake kai su makarantar kuɗi, wasu har tsallaken kogi. Mu kuwa da ke baya su wane ne? Masu keke Napep, masu walda, masu dako, matan da ke suyar ƙosai, da tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da jikokinsu. Ba mu da kuɗin wata makaranta ta biyu da za mu zaɓa.

Kada a fahimce ni a karkace, ban ce a cire 'ya'yan kwatas ba. Ina ma su zo! So nake ɗan manaja ya zauna benci ɗaya da Safiya. In ɗansa na cikin ajin, ranar da rufi ya fara yoyo waya ɗaya zai buga a gyara, kuma ruwan da bai zuba a kan ɗansa ba, ba zai zuba a kan 'yata ba. Shi ma yaron zai ƙaru, zai san yadda ake raba biro ɗaya tsakanin mutum biyu. Ga wani abu kuma. Layinmu na cikin 'yan wuraren da suka rage a wannan gefe na kogi inda masallaci da coci ke jin muryar juna, kuma kowa ya san dalilin da ya sa irinsu suka yi ƙaranci. In kuna neman makarantar da Safiya da Grace za su shiga riƙe da hannun juna, ba sai kun je nesa ba, ga su nan a bayanku.

Ni a aji uku na tsaya. Shekarar da aka rufe masaƙar da babanmu ke aiki, aka ce 'yan mata su dakata tukuna har abubuwa su daidaita. Har yau ina dakatawa. Ban yi kuka a lokacin ba, amma ranar da na ga layinmu a wajen jan layin nan na shiga ɗaki na yi na shekarun duka.

Na biyar, ga abin da ya hana ni zama tun jiya. Mun yi ƙofa! Baba Danladi mai walda, mijin Maman Grace, shi ya ɗauko tef ya auna giɓin nan tsawo da faɗi. Masu keke suka kawo ƙarafa, wani ya kawo sakata, liman ya ba da kwaɗo mai makulli uku. Aka shafa mata shuɗi da fari irin na makarantar, in ka gani sai ka rantse tare aka haife su. Jiya da la'asar aka ɗora ta a baro aka zagaya layi da ita, mata na guɗa, 'yan mawaƙan coci sun fito da gangarsu, tsofaffi na sa albarka. Ni ce a gaba, ɗankwalina ya faɗi sau biyu ban tsaya ɗauka ba. Baba Danladi ya jingine ta da katanga, ya buga ta da tafin hannu ya ce, “Wannan ko jikan Safiya zai same ta. Oga ya sa hannu kawai, minti talatin na kafa ta.”

In aka kafa ta, tafiyar minti arba'in da bakwai ta koma taku goma sha ɗaya. Ba sai kun sauya dokarku ba. Dokar ta ce a auna daga ƙofa, to ga ƙofa.

Na san za a ce tsaro, ƙofa ɗaya ta fi sauƙin gadi. Gaskiya ne, mu ma iyaye ne. A buɗe ta da safe, a rufe in an shiga aji, a sake buɗewa in an tashi, makulli kuma ya zauna a hannun shugaban makaranta. Sauran ku bar mana. Tukunyata na kallon wurin tun daga hantsi har la'asar, kuma babu yaron da zai sulale ta gabana ban kira sunansa da na uwarsa da na kakarsa ba. Ku tambayi leburorin da suka yi ƙoƙarin tafiya da kwanona.

Yanzu maganar bulo. Shugaban magina ya gaya mini cewa ranar Litinin za su toshe giɓin, don aiki ya ƙare. Ya ce, “Maman Safiya, ni oda nake bi. In takarda ta zo daga sama, ko taga kike so zan bar miki.” Har sun sauke bulon a bakin wurin, guda ashirin da shida. Su ne kujerata a yanzu.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon abu uku. A dakatar da toshe giɓin nan kafin Litinin. A ba da izinin kafa ƙofar da muka yi. Sannan a sake auna tafiya daga ƙofofin biyu kafin a fitar da sunayen ɗalibai, domin in an fitar ba mu ciki, ƙofar ta zama ado.

Kullum da safe Safiya na zura kai ta giɓin nan. Ta riga ta zaɓi tagarta, ta uku daga ƙarshe, wai daga nan za ta riƙa hango ni in na ɗaga murfin tukunya. Ban gaya mata zancen Litinin ba. Jiya ta fi kowa rawa a bayan baro.

Allah Ya ƙara maka lafiya da girma, Ya sa aikin nan ya zama sanadin shigarka Aljanna. Allah Ya raya maka zuri'a, Ya buɗe musu kowace ƙofa da suka ƙwanƙwasa. In ka samu sarari ka zagayo ta baya, ka san hanya, yajin ma na daka sabo. Ba za ka sha wahalar nemana ba. Na taɓa zama a kan kwalbati na kori ƙofa daga layinmu, yanzu ina zaune a kan bulo, kuma ba zan tashi ba sai ta dawo.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hadiza, Maman Safiya mai abinci,
Bayan katangar sabuwar makaranta.