Hoton Inna Ɗaya Tilo

Laraba, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah Ya yaye maka ciwon gwiwar da na ji kana fama da shi, Ya raba mu da doguwar jinya a ƙarshen kwanakinmu. Mu nan da sauƙi. Hawan jinin mai ɗakina ya lafa, sai dai likita ya hana ta gishiri, ita kuwa ta hana gidan gaba ɗaya. Babbar 'yata ta sauka lafiya, an sami namiji. Goggo tsufa ya kama ta, kunne ya yi nauyi, amma baki yana nan garau, ba ta bar kowa ba. Idona na dama da aka cire wa yana ya washe, na hagu yana jiran nasa lokacin.

Na zaɓi takarda a kan waya saboda a waya kai ne mai magana, ni mai cewa to. Kuma akwai abin da ya daɗe a maƙogwarona. Ranar da ka zo ta'aziyyar Baba, ka tsaya a bakin ɗakin duhu na shagon hoto, ka toshe hanci saboda warin magani, ka ce da mijin Goggo an binne ilimi a wannan ramin. Ka ɗauka ban ji ba, alhali labule ne kaɗai tsakaninmu. Shekaru sun fi talatin, ban taɓa tanka maka ba. Ka san ni ne na fara samun gurbin karatun kimiyya a jami'a, jikin Baba ya shanye na dawo na riƙe shago, shagon kuma shi ya kai ka inda kake. Ban yi maka gori ba a lokacin, ba kuma shi zan yi yau ba. Na tuna maka ne kawai don ka san abin da ke cikin ramin.

'Yarka, mai sunan Inna, ta aiko tana neman hoton kakarta, saboda kowa yana ce mata kamarsu ɗaya, ita kuwa ba ta taɓa ganinta ba. Ta ce wanda ke hannunka ruwa ya cinye shi sa'ad da kuka tashi daga tsohon gida. Amsar wannan saƙon nake son ba ka, amma sai ka yi haƙuri ka bi ni daga farko.

Ka tuna Inna ba ta son hoto. Matar mai hoto, uwar mai hoto, amma da ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Na roƙe ta har na gaji. Sau ɗaya ta yarda, ana jibi za ka tafi, don kada Autanta ya manta fuskarta a ƙasar mutane. Saboda kai ta zauna, ba saboda ni ba. Ta kuma kafa mini sharaɗi: kwafi ɗaya zan wanke, naka, kuma kada ta taɓa ganin kanta rataye a bango kamar kalanda. Na cika mata alkawari tana raye, na cika mata bayan ranta. Abin da ya rage a hannuna shi ne nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. Na ajiye shi a gwangwanin gidanmu, cikin ɗakin duhu, tare da na sauran jama'a. Haka Baba ya koya mini: kowane gida da gwangwaninsa, kowane fim da ambulan ɗinsa, da ɗan ƙullin gawayi a ciki don tsotse raɓa, kuma fim ba ya fita daga ɗakin nan ko na sarki ne, don shi ne wuri mafi sanyi da bushewa. Kanta-kanta har rufi. Auren mutane, jariransu, ranar da suka sami aiki, tsofaffinsu da suka zo a ɗauke su don sun ji jikinsu ya fara ban kwana.

Sai ka aiko mini da ɗanka, da takardar digirinsa ta kasuwanci, ka ce in ba shi dama ya farfaɗo da shago. 'Yan layi suka sa masa suna Manaja tun makon farko, saboda jakar kwamfutar da ba ta sauka daga kafaɗarsa. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaro ne mai ladabi, har ƙasa yake gaishe ni, mai ɗakina kuwa ta fi zuba masa nama a kan 'ya'yan cikinta. Kuma gaskiya shagon ya mutu. Kowa da kyamara a aljihunsa, sai mai neman hoton fasfo yake leƙo ni, shi ma yana tsaye yana duba agogo. Da Manaja ya shiga ɗakin duhu bai toshe hanci ba. Cewa ya yi Baffa yana zaune a kan dukiya bai sani ba.

Dabararsa ta farko ta burge ni. Ya zo da abokinsa da suke kira Injiniya, da wata na'ura mai ɗaukar fim ta zuba shi a kwamfuta. Suka yi watanni suna buɗe gwangwanaye, ina tsaye a kansu ina hana su taɓa fuskar fim da yatsa. Nufinsu kowa ya buɗe manhaja a wayarsa, ya nemo kakansa, ya biya ɗan wani abu. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya ga mahaifinsa a allon kwamfuta yana saurayi, da agogon aro a hannu, ya zauna a ƙasa yana hawaye. Ranar na ce a raina ashe ramin nan zai yi magana. Da aka zo kan gwangwanin gidanmu na miƙa musu na Inna da hannuna, amma na juya wa allon baya, don na ga kamar bango ne shi ma.

Mutane suka yi ta kallo, masu biya kaɗan. Injiniya ya ce kasuwar ba ta nuna ba, a canza hanya. Suka koma ɗaukar hoton takalma da jakunkuna da turare ga masu sayarwa ta intanet. Shi ma bai daɗe ba, masu takalman suka gane wayarsu ta ishe su. Aka sake canza hanya, yanzu ɗaki za a riƙa ba da haya awa-awa ga masu tallar kaya ta bidiyo. Kowane canjin hanya da sabon sunan kamfani, da sabon allo a ƙofa, da sabon adireshin karɓar saƙo, tsohon a watsar kamar takalmin da ya tsinke. Telan nan ya ce a duk layin babu wanda ya ci ribar kamfanin Manaja sai mai rubuta allo. Na yi dariya a lokacin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na ce, ubansa ma bai taɓa zama wuri ɗaya ba.

Ana cikin haka aka ba ni ranar aikin ido. Kafin in tafi na kira shi na ce ya yi abin da ya ga dama da gaban shago, amma kada a taɓa mini gwangwani ko ɗaya. Ya ce in sha Allahu, Baffa. Daga baya na gane in sha Allahun yaran yanzu tana nufin sun ji motsin bakinka. Likita ya hana ni sunkuyawa da shiga ƙura, na yi makonni a kwance da bandeji. An ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To ni a lokacin ko tafin hannuna ba na gani.

Ranar da na fara fita ya zo da kansa ya riƙe mini hannu, yana ta murmushi, ya ce ya shirya mini abin mamaki. Auta, abu na farko da sabon idona ya gani tar a shagon ubanmu shi ne farin bango. Sun cire kantocin, sun fasa kwamin da nake ɗauraye hoto, sun kwance igiyar shanya, jan ƙwan lantarkin da ya girmi Manaja sun maye shi da wata fitila mai zagaye kamar bakin rijiya. A daidai inda nake tsayawa in ga fuska tana fitowa a hankali cikin ruwan magani, wata yarinya ce tsaye tana ɗaga takalmi, tana yi wa waya dariya. Na tambayi gwangwanaye. Ya ce finafinan sun fara wari, kuma wani ya gaya musu tsohon fim yana iya kama wuta, don haka masu kwasar shara sun tafi da fim, masu sayen ƙarfe sun tafi da gwangwani. Ya ce in kwantar da hankalina, komai yana ajiye a wurin wani babban kamfani a intanet, inda babu gara, babu gobara, babu raɓa. Na nemi kujera, ita ma babu, sai wani buhu mai laushi da suke zama a kai.

Haka na zauna da maganarsa wata da watanni, har saƙon 'yarka ya zo. Na yi ta juya shi a raina, na ga Inna kwafi ɗaya ta ce, na Auta, tun da naka ya lalace, maye gurbinsa bai karya alkawari ba. Na je na ce da Manaja ya fito mini da kakarsa. Ya ce minti biyu. Ya danna, ya sake dannawa, ya kira Injiniya, na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ashe kamfanin ajiyar ya yi ta aiko da gargaɗi cewa wa'adin ajiya ya ƙare, a sabunta ko a kwashe, amma zuwa adireshin kamfaninsu na farko, wanda babu wanda ya sake buɗewa tun canjin hanya na farko. Injiniya ya ɗauka Manaja ya kwashe, Manaja ya ɗauka Injiniya ya kwashe. Kwamfutar da aka yi aikin da ita kuwa tuni an goge ta an yi musanyarta da fitilu. Sun rubuta wa kamfanin, amsa ta zo nan take, mai ladabi ƙwarai, na'ura ce ta rubuta ta. Ta ce tana ba mu haƙuri. Garin neman gira an rasa ido.

Na je juji da kaina, da sanda da baƙin tabarau. Mai gadin wurin ya nuna mini gangaren da suke cinna wa wuta duk mako. Na tona da sanda, toka ce da narkakkiyar roba. Yanzu mutane sun fara ji. Jiya wata mai takaba ta tare ni a hanya tana neman hoton aurensu, na ce ta zo wani lokaci, don ban san da wane baki zan gaya mata ba.

Ɗanka ya durƙusa ya yi kuka, na san kuma ba da mugunta ya yi ba, shi ya sa ma na rasa wanda zan zaga. Bai iya gaya maka ba, shi ne dalilin shirun da kake ji. Amma bayan kwanaki na ji shi yana ce wa Injiniya a harkarsu faɗuwa darasi ce. Darasi, da fuskokin iyayen mutane. Shekaranjiya kuma ya zo da sabuwar dabara. Ya ce akwai manhajar da in ka siffanta mata mutum za ta zana shi kamar hoto, ya siffanta mata Inna, ya haɗa mata da fuskar ƙanwarsa mai sunan Inna tun da an ce suna kama. Ya nuna mini. Wata kyakkyawar dattijuwa ce mai santsin fata, tana murmushi, haƙoranta a jere. Ba ta taɓa hura wuta ba, ba ta taɓa binne ɗa ba. Ya ce in na amince zai aika muku, ƙanwarsa ba za ta gane ba, kai ma wataƙila ka manta. Na ce ban amince ba, amma na riga na san nauyin maganata a wurinsa. Shi ya sa na riga shi. Idan hoton wata mata ya zo maka, kada ka sa shi a bango, kada ka ce wa jikokinka kakarsu ce.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, Allah Ya saka mata da alheri kan maganin idon da ta aiko. Ka gaida babban ɗanka Likita da iyalinsa, da 'yan biyu. Mai ɗakina tana gaishe ku, Goggo ma ta ce a gaishe ka, ta ce in kana da niyyar ganinta ka daina jiran sai an kira ka ta'aziyya. Kada ka zafafa wa Manaja, ɗanka ne, ɗana ne.

Ita kuwa mai sunan Inna, ka gaya mata abin da na sani. Kakarta tana zaune a kan kujerar katako, hannuwanta a kan gwiwa, na dama da tabon ƙuna. Mayafinta ya ɗan zame ta hagu, ba ta gyara ba don na ce kada ta motsa. Ba ta yi murmushi ba. Ba kyamara take kallo ba, tana kallon ƙofa ne, inda kake tsaye. Sau ɗaya aka ɗauke ta a duniya, kwafi ɗaya aka wanke. Naka ruwa ya ci, nawa wuta ta ci, na na'ura an goge. Babu hoton Inna.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Mai hoto