Igiyar da Ban Jefa Ba

Masinloc, watan Maris

Zuwa ga yayata, Ate Luning,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya ciwon gwiwar? Busasshen kifin da na aiko ya iso?

Na san kin gan ni a talabijin da furanni a wuya. Kada ki yi murna. Farin jirgin mutanen ƙetaren nan da ke korar mu daga inda mahaifinmu ya yi sana'ar kamun kifi, shi ya sake feso mana ruwa har ya fasa mini goshi. Suka sauko da ɗan kwalekwale su yanke mana taru, sai teku ta kifar da su. Sun kwashe mutanensu, saura ɗaya da ruwa ya jawo dab da ni.

Kin san dokar Tatay, wato babanmu, Allah ya ji ƙansa: wanda ka gani a ruwa ka tsamo shi, ka ba shi kunun shinkafa mai zafi, sannan ka tambayi sunansa. Igiya na hannuna, Ate. Tasyo abokin aikina har ihu ya yi: "Jefa mana, Sebio! Ko sai ya nuna maka takardar baftisma?" Na shafa goshina, na ga jini, na tayar da inji muka tafi.

A kasuwa jarumi suke ce mini, wai ni kaɗai na kore su. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ƙanenki, Sebio

Masinloc, watan Mayu

Ate,

Ina fatan kuna lafiya. Mu dai ga mu nan.

Kin ji a rediyo. Sun tsinci gawar mutumin da na bari a ruwa, sun ce kashe shi muka yi. Fararen jiragen sun koma, na yaƙi sun zo, namu ma sun fita. A da ruwa ake fesawa, yanzu wuta ce. Fadan cocinmu ya ce da ma dalili suke nema. Ko da haka ne, ni na miƙa musu shi.

Jirgin sojan da ɗana Arnel yake ciki ya tashi jiya. Ya rungume ni a bakin tasha, ya ce, "Baba, kowa a jirginmu ya san ni ɗanka ne."

Uwarsa tana ta kunna kyandir a coci, tana roƙon kada harsashi ya same shi. Ni roƙona ɗaya ne, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa: in ya faɗa ruwa, Allah ya sa wanda ke riƙe da igiya ba irina ba ne.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki, Sebio