Awa Ashirin da Takwas a Shagon Awarar Inna Fumie

Darkhan, 3 ga Maris

Zuwa ga Inna Fumie,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan sanyin bana bai taɓa miki gwiwa ba. Na san yanzu ƙanƙarar Morioka ta fara narkewa a bakin titi. Mu nan Mongoliya har yau in ka watsa ruwa sama, kafin ya sauko ya daskare.

Shekara huɗu ke nan da na bar shagonki, amma ko wake na jiƙa sai in gan ni a bayan tukunyar nan, tururi ya rufe gilashin taga, marigayi Baba Seiji yana tsoma yatsa cikin madarar waken yana gyaɗa kai. Jiya na karanta wani ɗan littafi, wata yarinya ta koma garin da ta yi ƙuruciya ta tarar an rushe layinsu. Na kife shi na yi ta kuka, har surukata ta leƙo tana tambayar wa ya mutu.

Inna, da roƙo na zo. Mijina Tulga, dogon nan na hoton bikinmu, yana garinku tun watan Oktoba yana karatun likitan dabbobi. Mahaifinsa ke ɗaukar nauyinsa da garkensa, sai ga shi sanyin bana ya kashe fiye da rabin tumakin. Tulga ya je ofishin shige da fice an buga masa hatimin izinin aiki a bayan katin zamansa, irin wanda aka buga mini lokacin da nake ɗaliba. Amma na san shi, gara ya kwana da yunwa da ya ƙwanƙwasa ƙofar wani. Na tilasta masa ya zo wurinki. Don Allah ki duba shi.

Ki riƙa sa safa biyu.

Taki har kullum,
Nomin

Morioka, 19 ga Maris

Nomin,

Iska ta fara laushi, gwiwa kuma tana nan yadda kika san ta. Rubutunki har yanzu kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito, amma na karanta.

Mutuminki ya zo. Ya yi minti goma sha biyar a bakin ƙofa yana karanta allon shagon, alhali kalma biyu ce a jiki. Sai da na fita na ce, “Kai, saye za ka yi ko gadi?” Ranar farko ya farfasa mini awara uku wajen tsamowa daga ruwa. Na ce masa, “Wannan ba tunkiya ba ce, ba a kayar da ita. Ka sa hannu a ƙasa ka jira ta hau da kanta.” Yanzu ya iya. Tun rasuwar Tsoho, mijina Seiji, ban samu mai sauke mini buhun wake ba sai shi.

Na ɗauke shi awa ashirin da takwas a mako, yadda hatimin ya ce. Yana cin shinkafa kwano uku yana ba da haƙuri bayan kowane kwano.

Ki rage karatun ƙarya, ki riƙa fita shan iska.

Onodera Fumie

Darkhan, 6 ga Afrilu

Inna tawa,

Ina gaishe ki, ina godiya har ban san ta inda zan fara ba. Tulga ya ce kin fi malamansa tsanani. Na ce ai bai ga komai ba tukuna.

Na duba kalanda na ga furannin sakura sun kusa buɗewa, sai zuciyata ta tafi makon nan na farkon Mayu, lokacin da ƙasa duka take hutu. Kin tuna shekarar da muka kafa rumfa a lambun tsohuwar ganuwa? Kwana bakwai, daga safe har rana ta faɗi, ina gasa awara a tsinke ina shafa mata miso, kwaɓin daddawar waken nan, Baba Seiji yana fifita gawayi yana rera waƙar da bai san rabin baitocinta ba. Furanni suna faɗowa cikin kwanon miso, kina cewa in tsince, shi kuma yana cewa, “Bar su, kyauta ce ga mai saye.” Da yamma mu zauna a kan akwatunan da kayan cikinsu suka ƙare, ƙafafuna suna zafi, ki ɓare mini lemo. A duk littattafan da na karanta ban ga mako mai kyan wannan ba. In raina ya ɓaci can nake komawa.

To ga abin da ya sa na tuna. Makaranta ta ce in Tulga bai biya kuɗin zangon nan ba kafin ƙarshen Mayu, za a cire sunansa, kuma kin san in suna ya fita katin zama ma ya tafi. Ki ba shi makon nan cikakke kamar yadda kika ba ni. Ai hutu ne, kuma a hutu an yarda ɗalibi ya yi awa takwas a rana. Da wannan da abin da zai samu daga gida, ina ganin zai kai.

Ki tsinko mini fure ɗaya ki sa a cikin wasiƙa.

'Yarki,
Nomin

Morioka, 15 ga Afrilu

Nomin,

Furannin sun fara kumburi, ba su buɗe ba. Ina fata kina lafiya.

Ba zan ba shi ba. Ki zauna ki karanta wannan a hankali, ba irin karatunki na tsallake shafi don ki ga ƙarshe ba.

Kin tuna lokacin da kika je sabunta katinki a shekarar, aka ba ki ambulan kika kawo mini kika ce, “Inna, wai ki cika”? Ba ki ko buɗe ba, kina sauri ki koma kan littafinki. Awannin da kika yi suke tambaya. Na rubuta gaskiya, don ban san akwai abin ɓoyewa ba. Bayan kwana goma aka kira mu.

Tsoho ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Jami'in bai kai ɗanmu shekaru ba. Ya ce, “Baba, hutun ƙasa daban, dogon hutun makaranta daban. Awa takwas ɗin na hutun da makaranta ta rubuta a dokarta ne. Makon Mayu ba ya ciki.” Mu da muka shekara arba'in muna ganin an rufe banki da gidan waya a makon nan, ina za mu san ba hutu ba ne? Ya ce yarinyar ta ninka awanninta, yana iya hana ta katin.

Tsoho ya miƙe ya sunkuya, ya ƙi ɗagowa. Yana cewa, “Ni na ce mata hutu ne. Yarinyar ba ta san komai ba.” Jami'in ya ce ya zauna, ya ƙi. Ni da nake gefensa ina jin numfashinsa, kin san ƙirjinsa. Muka rubuta takardar ban haƙuri muka buga hatiminmu. Shi ya sa aka ba ki wata shida maimakon shekara, kika ƙare karatu da ƙyar kina mitar ofishin ba su da kirki.

A hanyar dawowa na ce zan gaya miki. Ya ce, “Kul. Bar mata makonta.” Na bar miki shi fiye da shekara huɗu. Yanzu kina neman ki jefa mijinki ramin, kuma babu Tsoho da zai sunkuya.

Ga abin da zan iya. Ya saki ɗakin hayarsa ya dawo ɗakin Tsoho a sama, ya ci abin da nake ci. Ya je ofishin makaranta ya faɗi abin da ya samu garken, ya nemi a ɗaga masa lokaci. Na gaya masa duka biyun. Ya ce shi ba ya kwana a gidan mutane kyauta, kuma ba ya kai kukansa wurin baƙi. Kai kamar dutsen niƙa. Ke kika aure shi, ki san yadda za ki yi.

Fumie

Darkhan, 24 ga Afrilu

Inna,

Ina gaishe ki da kunya. Kwana huɗu ban iya buɗe littafi ba. Ina ta ganin baƙar kwat ɗin nan. Na tuna ranar, na gan ku kun dawo na tambaya wa ya rasu, Baba ya ce, “Wani tsohon abokina, ba ki san shi ba,” ya miƙo mini alewa. Don Allah in kin kunna masa turare ki ce Nomin ta ji, ta gode, ta makara.

Na kira Tulga. Ya fara mini zancen mutunci. Na ce, “Tsaya. A tantin ubanka, baƙo nawa suka kwana tun kana yaro?” Ya ce ba su ƙirguwa. Na ce, “Wanne ya biya?” Ya ce babu ko ɗaya. Na ce, “In wani ya tsaya a waje cikin sanyi ya ce shi ba ya kwana kyauta, me babanka zai ce?” Ya ce, “Zai ce ya zage shi.” Na ce, “To ka daina zagin Inna.” Ya kashe wayar bai yi sallama ba. Ban san me zai yi ba.

Ki yafe mini.

Nomin

Morioka, 6 ga Mayu

Nomin,

Furanni sun fara zuba. Mijinki ya tare a ɗakin sama tun ranar Lahadi, ƙafafunsa sun fi shimfiɗar Tsoho tsawo. Makaranta ta ɗaga masa zuwa Satumba.

Mun kafa rumfa. Awanninsa na cika nake ƙwace tsinken in tura shi kan tabarma da littafinsa. Jiya na ɗauko bokitin ruwa, ya zabura. Na ce, “Zauna.” Ya zauna yana kallona, kunnuwansa ja wur, har na kai. Matar Kudo mai sayar da shayi ta matso ta ce, “Fumie, wannan ƙaton malalacin fa, daga ina?”

Na ce, “Surukina ne. Haka 'yata ta zaɓo.”

Ki kula da kanki.

Innarki